Yadda Ake Ƙirga Ƙeta da Ba da Kati a Wasan Futsal

Duk wanda ya saba da alƙalancin ƙwallon ƙafa a babban fili, ranar da aka miƙa masa usur a wasan futsal zai tarar cewa abin da ya sani bai ishe shi ba, domin a wannan wasa ƙeta ba ta wucewa da zarar an buga bugun tazara. Rubuta ta ake yi, a tara ta a kan 'yan uwanta, kuma idan ƙungiya ta cika biyar a rabin lokaci guda, kowace ƙeta da ta biyo baya takan jawo mata hukuncin da bai da nisa da bugun fenareti. Saboda haka aikin alƙali a nan ya rataya ne a kan ƙidaya, kuma ƙetar minti na farko nauyinta ɗaya da ta minti na ƙarshe.

Futsal wasa ne na mutum 5 a kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, a kan daɓe mai tauri a cikin ɗakin wasanni. Wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya ƙirƙiro shi a birnin Montevideo na ƙasar Uruguay a shekarar 1930, hukumar FIFA kuma ta shirya gasarsa ta duniya karo na farko a Holan a 1989. A Afirka, Maroko ce ta ɗauki kofin nahiyar a 2016 da 2020 da 2024. Ana buga minti 20 a kowane rabi, agogo yana tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita, babu satar gida, canjin 'yan wasa kuma ba shi da iyaka. Bayanin da ke tafe ya bi dokar FIFA ne, daga shirin da ake yi kafin a take wasa har zuwa rahoton da ake rubutawa bayan an tashi.

Matakin farko shi ne ka tabbatar da wace doka za a yi wasan. Ƙwallon cikin ɗaki ba iri ɗaya ba ne. A Amurka akwai wani salo da ake bugawa da mutum 6 a filin da aka kewaye da katangar allo, ƙwallo tana bugun katangar ta dawo wasa ya ci gaba, kuma a can ne ake amfani da shuɗin kati, wanda yake fitar da ɗan wasa na minti 2 ya zauna a wani keɓaɓɓen wuri sannan ya dawo, tsarin da aka aro daga wasan hoki na ƙanƙara. Daga cikin laifuffukan da ake ba da shi a kansu har da ture abokin hamayya ya bugu da katangar. Futsal ba shi da katanga, ba shi da shuɗin kati. Katin gargaɗi da jan kati kaɗai ya sani. A ƙananan filayen roba da ake haya a garuruwanmu kuwa, sau da yawa kowa yakan zo da dokar da ya saba da ita, wani ya ce ba a kwanciya a ƙwace ƙwallo, wani ya ce ana yi. Don haka ka kira kyaftin ɗin kowane ɓangare kafin wasa, ka gaya musu a fili cewa za a ƙirga ƙeta, da abin da zai faru a ta shida, da tsawon lokacin da ƙungiya za ta zauna da giɓi idan an kori ɗan wasanta. Minti biyun da za ka kashe a wannan bayani sun fi gardamar da za ta tashi ana tsakiyar wasa.

Daga nan sai ka shirya teburi. A wasan da ya cika ƙa'ida alƙalai 2 ne a fili, ɗaya a kowane gefe, kowannensu da usur da katuna, idan kuma suka saɓa a kan hukunci maganar babban alƙali ce take tsayawa. A teburi, wanda ake ajiyewa a tsakiyar layin gefe ta ɓangaren bencin 'yan canji, akwai mai kula da agogo da alƙali na uku wanda yake riƙe da rubutu. Idan ba ka da mutane huɗu, to ko yaya ne ka samu mutum ɗaya amintacce wanda ba ya goyon bayan kowa ya zauna da takarda da agogo, domin alƙalin da yake gudu yana bin ƙwallo ba zai iya riƙe ƙidayar ƙungiyoyi biyu a ka ba tare da ta ɓace masa ba. A raba takardar gida biyu, kowace ƙungiya da nata, a rubuta lambobi daga 1 zuwa 5 na rabin farko da wasu na rabi na biyu, a bar wurin rubuta lambar rigar wanda ya yi ƙetar da mintin da ya yi ta. Sannan ka zagaya filin ka duba ɗigo biyu a gaban kowace raga: na mita 6, inda ake buga fenareti, da na mita 10, inda ake buga hukuncin ƙeta ta shida. Idan ba a shata su ba, ka auna da tef ka sa alama tun kafin a fara. Haka ma wurin canji, mai tsawon mita 5 a gaban kowane benci.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne buƙatar natsuwa, shi ne rarrabe laifin da yake shiga ƙidaya da wanda ba ya shiga. Ƙa'idar ita ce, duk laifin da hukuncinsa bugun tazara ne na kai tsaye ana rubuta shi. Wannan ya haɗa da harbin ƙafar abokin hamayya, da taɗiya, da turi, da bangaza, da faɗa masa ta sama, da duka, da riƙe riga ko hannu, da taɓa ƙwallo da hannu, da tofa yawu. Laifin da hukuncinsa bugun tazara ne na sai-an-taɓa, wato wanda ba a cin ƙwallo da shi sai wani ɗan wasa ya taɓa ta, ba ya shiga ƙidaya ko sau nawa aka yi shi. A cikin irinsa akwai wasa mai haɗari ba tare da an taɓa jikin kowa ba, da tare wa mutum hanya ba tare da haɗa jiki ba, da yawancin laifuffukan mai tsaron raga: ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 4 a rabin filinsu, ko ya kama da hannu ƙwallon da abokin wasansa ya ba shi da ƙafa da gangan, ko ya fitar da ƙwallo sannan abokin wasansa ya mayar masa da ita a rabin filinsu alhali babu ɗan hamayyar da ya taɓa ta. Idan irin wannan ya faru a cikin da'irar gola, ana ɗauko ƙwallon a ajiye a kan layin da'irar, daidai wurin da ya fi kusa da inda aka yi laifin.

Dokar daƙiƙa 4 ta shafi bugun gefe da bugun kwana da bugun tazara da fitar da ƙwallon gola, kuma ita ma ba ta ƙara wa kowa ƙeta. Ƙwallon kawai ake karɓewa a bai wa ɗaya ɓangaren. Ka riƙa ɗaga hannu kana nuna ƙidayar da yatsu yadda kowa zai gani, ka fara ta ne daga lokacin da mai bugun ya samu damar bugawa.

A kan kowace ƙeta kuma akwai tambaya ta biyu da za ka yi wa kanka nan take, wato da wane irin ƙarfi aka yi ta. Doka ta kasa amsar kashi uku. Idan sakaci ne, ɗan wasa ya nemi ƙwallo bai yi hankali ba ya samu ƙafa, bugun tazara ya wadatar, babu kati. Idan ganganci ne, ya shiga bai damu da abin da zai samu abokin hamayyarsa ba, sai a haɗa masa da katin gargaɗi. Idan ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har lafiyar mutum ta shiga haɗari, jan kati ne. A da dokar futsal ta haramta kwanciya a zame a ƙwace ƙwallo daga ƙafar mutum, amma yanzu ana auna ta ne da wannan ma'auni kamar kowace shiga. Duk da haka ina ganin ya kamata alƙali ya fi tsanantawa a kanta fiye da yadda zai yi a kan ciyawa, domin daɓe ba ya tausaya wa gwiwa ko ƙugu, kuma bango ko benci sau da yawa ba su da nisa da layi.

Idan ka ga ƙeta, ka bi tsari ɗaya kullum. Ka busa usur da ƙarfi, ka nuna ɓangaren da aka bai wa bugun, ka juya wajen teburi ka nuna cewa wannan ta shiga ƙidaya, ka kuma jira har ka ga mai rubutu ya sa alƙalami a takarda. 'Yan hamayya za su ja da baya mita 5 daga ƙwallon, kuma daga ƙeta ta farko zuwa ta biyar suna da damar yin katanga. Akwai lokacin da busa usur zai cuci wanda aka yi wa laifin. Misali, an ja rigar mai lamba 7 a tsakiyar fili amma ya fizge, ga shi ya nufi raga da abokin wasansa a gefe. A nan sai ka bar wasa ya ci gaba, ka nuna da hannu cewa ka gani, amma ka riƙe laifin a ranka. Da zarar ƙwallo ta fita, kafin a sake bugawa, ka je gaban teburi ka sa a rubuta shi. Wannan ita ce ƙetar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ce take haddasa rigima daga baya, lokacin da wani benci yake cewa biyar ne, wani yana cewa huɗu.

Abin da na fi so sabon alƙali ya riƙe shi ne kada ya sassauta a farkon wasa da niyyar tsanantawa daga baya, kada kuma hannunsa ya yi nauyi don ƙungiya ta kai huɗu ko biyar. Turin da ka busa a minti na 2 shi ne turin da za ka busa a minti na 18, ko da kuwa shi ne zai kai ƙwallo ɗigon mita 10. An kafa wannan ƙidaya ne don a kare masu gwaninta a ƙaramin fili daga ƙungiyar da za ta riƙa katse wasa da ƙananan ƙeta, kuma alƙalin da yake jin tsoron busa ta shida ya zubar da amfanin biyar ɗin da ya riga ya busa.

Idan ƙungiya ta cika ƙeta ta biyar, mai kula da agogo zai busa ƙaho ko wani abu mai sautin da ya bambanta da usur ɗinka, alƙali na uku ya ɗora alama a kan teburi ta ɓangaren ƙungiyar, kai kuma ka ɗaga hannu da yatsu biyar a buɗe don 'yan wasa da masu horarwa su gani. Daga wannan lokaci kada ka ƙara barin wasa ya wuce bayan ƙetar wannan ƙungiya, sai fa idan cin ƙwallo ya bayyana ƙarara, domin bugun mita 10 ya fi kusan kowace dama da abokan hamayyarta za su samu a cikin wasa.

Ƙeta ta shida da duk wadda ta biyo bayanta a wannan rabi, ga yadda ake hukunta ta. Idan a cikin da'irar gola aka yi ta, fenareti ne daga mita 6 kamar kullum. Idan a can nesa aka yi ta, ko da a gaban ragar waɗanda aka yi wa laifin ne, ana ɗauko ƙwallon a kawo ɗigon mita 10. Idan kuma an yi ta a wajen da'ira amma a wurin da ya fi mita 10 kusa da layin raga, mai bugun yana da zaɓi, ko ya buga daga inda aka yi laifin ko daga ɗigon. Ka tambaye shi, kada ka zaɓa masa. Babu katanga. Sai an bayyana wanda zai buga yadda mai tsaron raga zai san shi. Shi mai tsaron ragar ba dole ne ya tsaya a kan layi ba kamar a fenareti, yana iya fitowa, muddin ya bar tazarar mita 5 tsakaninsa da ƙwallon. Sauran 'yan wasa duka za su koma bayan ƙwallon, su ma da tazarar mita 5, kuma babu mai tare wa mai bugun hanya. Wajibi ne bugun ya kasance na neman ci. Idan ya miƙa wa abokin wasansa, ka busa ka bai wa ɗaya ɓangaren bugun sai-an-taɓa. Haka kuma ba zai sake taɓa ƙwallon ba sai wani ya taɓa ta, don haka idan ta bugi ƙarfe ta dawo masa kai tsaye ya sake bugawa, laifi ne. Idan lokaci ya cika daidai da yin ƙetar, ba a tashi sai an buga wannan bugu, kamar yadda ake yi wa fenareti.

Batun kati lissafinsa daban ne da na ƙeta, kuma ya kamata mai rubutu ya gane haka. Ƙeta guda lamba guda take ci ko da ta zo da jan kati, kati kuma yana iya fitowa ba tare da an ƙara komai a ƙidaya ba, kamar wanda aka bayar don gardama da alƙali. Ana ba da katin gargaɗi a kan ƙetar ganganci, da katse hari mai kyau da gangan, da faɗuwar ƙarya, da maimaita laifi, da ɓata lokaci, da ƙin ja da baya mita 5, da nuna rashin yarda da hukunci da baki ko da hannu. Akwai kuma wanda ya keɓanta da futsal, wato kuskuren canji. Tun da ana canji ne wasa yana tafiya, dole mai fita ya fita ta wurin canjin ƙungiyarsu, mai shiga kuma ya jira har ɗan uwansa ya ƙetare layi gaba ɗaya sannan ya shiga ta wurin, yana miƙa masa rigar alamar da 'yan benci suke ɗorawa. Wanda ya yi gaggawar shiga ya sa ƙungiyarsa ta zama mutum 6 ko na daƙiƙa biyu ne, kuma hukuncinsa katin gargaɗi ne da bugun sai-an-taɓa. Wajen nuna katin, ka ware ɗan wasan daga cikin taro, ka tsaya inda teburi zai ga lambar rigarsa, ka ɗaga katin sau ɗaya, ka rubuta kafin ka sake busa usur.

Jan kati kuwa na mummunar ƙeta ne, da duka ko naushi, da cizo ko tofa yawu, da zagi ko alamar cin mutunci, da katin gargaɗi na biyu, da hana ƙwallon da ta tabbata za a ci, da hannu ko da ƙeta. A wannan na ƙarshe ka duba ko akwai mai tsaro a bakin raga, domin a futsal ƙungiyar da ake ci takan cire golanta ta sa ɗan gaba ya sa rigar gola ya haura, ragar ta zauna babu kowa, kuma riƙe wanda ya ƙwace ƙwallo a irin wannan yanayi ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Wanda aka kora ba ya dawowa wasan, ba ya zama a benci, barin wurin gaba ɗaya zai yi. Mai horarwa da ma'aikatansa su ma ana nuna musu kati.

Inda futsal ya rabu da babban fili shi ne ƙungiyar da aka kori ɗan wasanta ba ta ƙarasa wasa da giɓi. Minti 2 na agogon wasa za ta yi da mutum 4, sannan wani daga benci ya shiga da izinin teburi. Mai kula da agogo ya rubuta lokacin nan take, ya kuma kula da yadda agogon yake tafiya: idan yana saukowa ne daga 20, aka yi korar saura minti 7 da daƙiƙa 30, to mai shiga zai shiga ne a saura minti 5 da daƙiƙa 30. A rubuta wannan a 'yar takarda a miƙa wa bencin. Cin ƙwallo yana iya yanke wa'adin. Idan masu 5 suka ci masu 4, nan take masu 4 za su cike gurbinsu. Idan masu 3 ne aka ci, ko abokan karawarsu 5 ne ko 4, mutum ɗaya kaɗai za su ƙara. Idan ɓangarorin biyu daidai suke, 4 da 4 ko 3 da 3, babu wanda zai ƙara kowa. Idan kuma masu giɓin ne suka ci, haka za su ci gaba har minti biyun su cika. Korar ɗan benci ba ta rage kowa a fili, amma idan kora ta yi yawa har ƙungiya ta gaza mutum 3, ba a ci gaba da wasan.

A hutun rabin lokaci ka je teburi ku daidaita rubutunku. Ƙidayar ƙeta tana komawa sifili a rabi na biyu, a sauke alamar biyar ɗin daga kan teburi, amma katuna suna nan daram, haka ma ragowar minti biyun wanda aka kora gab da hutu. Idan wasan na fitar da gwani ne har aka shiga ƙarin lokaci, ba a share ƙetar rabi na biyu, a kanta ake ɗorawa, don haka ƙungiyar da ta gama da biyar za ta shiga ƙarin lokacin ne kowace ƙetarta tana kai ƙwallo mita 10. Ka tunatar da kyaftin biyun kafin ka busa. Bayan an tashi, tun kafin ka bar wurin, ka rubuta sunan duk wanda ya karɓi kati da lambar rigarsa da mintin da dalilin, ka bayyana abin da idonka ya gani a kan kowane jan kati, kalmomin da aka furta ko sashen jikin da aka buga, sannan ku sa hannu kai da alƙali na biyu ku miƙa wa masu shirya gasar, domin su ne za su yanke yawan wasannin da za a dakatar da wanda aka kora.